Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban NITDA: in za a tallafa wa buɗaɗɗiyar manhaja, a fara da masu riƙe da ita

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ranka ya daɗe Malam Kashifu Inuwa Abdullahi, ina fata kana lafiya kai da iyali da dukkan ma'aikatan hukumar raya fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ya aiki ya jama'a? Allah ya ƙara lafiya ya taya ka riƙo.

Ni ɗaya ne daga cikin ƙannenka masu rubuta manhaja a nan Arewa, ba ka san ni ba. Na san harshen ofis Turanci ne amma na ga gara in rubuta da Hausa, na farko dai kai ɗan Haɗeja ne ba sai an yi maka tafinta ba, na biyu kuma ina so abokan aikina na Kano da Zariya da Jos da Sakkwato da Maiduguri su karanta su ce na yi daidai ko na yi kuskure, don maganar tasu ce kafin ta zama tawa.

Roƙona shi ne a ware wani kaso daga kuɗin da ake kashewa a harkar fasaha a ba masu aikin buɗaɗɗiyar manhaja. Amma gaskiya ba ware kuɗin ne ya fi damuna ba, wa za a ba shi ne damuwata. Don in aka ware kuma aka sa irin sharuɗɗan da muka saba gani, wallahi kuɗin za su bi ta saman kan waɗanda suka cancanta su sauka a hannun waɗanda suka iya tsara silaid da zuba Turanci a gaban alƙalai.

Kai ka san harkar fiye da ni, amma saboda masu karatu bari in ɗan yi bayani. Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda mai ita ya baje rubutunta a fili, ya sa mata lasisin da ya ba kowa dama ya ɗauka ya yi amfani, ya leƙa cikinta, ya gyara, ya raba wa wasu, ba sai ya nemi izinin kowa ba. Kamar rijiyar unguwa ce da wani bawan Allah ya haƙa ya ce kowa ya zo da gugansa. Wayar Android ɗin da ke hannun mai shayi da mai POS a kan buɗaɗɗiyar manhajar Linux take zaune, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Saƙonnin WhatsApp ɗinmu a cikin SQLite, wata buɗaɗɗiyar manhajar ajiye bayanai, suke kwance a waya. Mai tace fim a Kano in ya buɗe bidiyo da VLC, buɗaɗɗiyar manhajar FFmpeg ce take yawancin aikin daga ƙasa bai ma sani ba. A 2024 wasu masu bincike a Harvard sun yi lissafin cewa da kamfanonin duniya za su sake rubuta wa kansu duk buɗaɗɗun manhajojin da suke amfani da su, sai sun kashe kusan dala tiriliyan 8.8. To kowa na ɗiba, amma rijiya fa tana buƙatar yasa, kuma mai yasar nan shi ne mutumin da nake so in yi maka magana a kansa.

A watan Afrilun 2014 aka gano wata ɓaraka a OpenSSL, kwaɗon da ɗimbin shafukan intanet suke kulle bayanan mutane da shi, aka sa wa ɓarakar suna Heartbleed. Da aka je dubawa sai aka tarar gudummawar da aikin yake samu a shekara ba ta wuce kusan dala 2,000 ba, kuma mutum ɗaya tak ne yake yinsa a matsayin cikakken aiki. A Disambar 2021 aka sake irinta da Log4j, wata manhajar da ke rubuta abin da ke faruwa a cikin wasu manhajoji, manyan kamfanoni da gwamnatoci suka shiga ruɗani, alhali masu kula da ita 'yan sa-kai ne da suke yi bayan sun tashi daga aikin da ke ciyar da su.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na xz. Wata 'yar ƙaramar manhaja ce ta matse fayil, kusan duk kwamfutar da ke kan Linux tana da ita, kuma shekara da shekaru mutum ɗaya ne yake ɗauke da ita, Lasse Collin ɗan ƙasar Finland. A 2022 wasu suka taso shi a gaba, kullum ƙorafi, aikin ya tsaya, ba ka komai, ka ba wani ya karɓa mana. Shi kuma ya fito ya faɗa musu gaskiya cewa yana fama da rashin lafiyar da ta daɗe tana damunsa, kuma aikin nan ba biyansa ake ba, sha'awa ce kawai. Ana cikin haka akwai wani mai amfani da sunan Jia Tan da ya riga ya fara turo gyare-gyare masu kyau, ya yi haƙuri ya yi ta taimako sama da shekara biyu har aka yarda da shi aka ba shi makulli, sai ya dasa ɓoyayyar ƙofa a ciki wadda da ta yaɗu da zai iya shiga sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet, masu yawan gaske a duniya ba sallama. Allah ya sa wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shiga wata na'urarsa ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya ƙi ƙyalewa ya bi diddigi, ranar 29 ga Maris 2024 ya tona asirin. Rabin daƙiƙa fa Ranka ya daɗe. Ban ce kuɗi kaɗai za su hana irin wannan ba, amma mugun bai fasa katanga ba, ya samu mutum ne shi kaɗai a gajiye ba mataimaki ba albashi, ya shiga ta nan.

Kada wani ya ce ai wannan matsalar Turawa ce. Yayata ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti na karkara, duk ƙarshen wata za ka same ta da manyan rajistoci a cinya bayan sallar isha tana haska fitilar waya tana haɗa alƙaluma, mata nawa suka zo awo, nawa suka haihu, yara nawa aka yi wa rigakafi, nawa aka gwada aka samu zazzaɓin cizon sauro, ta cike fom a kai ƙaramar hukuma. Inda waɗannan alƙaluman suke ƙarewa shi ne DHIS2, buɗaɗɗiyar manhaja ce da Jami'ar Oslo ta Norway take jagoranta, kuma a kanta bayanan lafiyar Najeriya suke zaune. Masu sa ido a aikin rigakafin shan inna da suka yi ta shiga lungu da saƙo da waya a hannu suna cike fom ko babu sabis, sai sun dawo gari su tura, ODK ce a wayoyin nan, ita ma buɗaɗɗiya ce, kuma da irin wannan wahalar aka kai ga ranar 25 ga Agustan 2020 da aka ce Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. SORMAS kuwa ai a nan aka yi cikinta, bayan Ebola ta 2014 ne hukumar daƙile cututtuka ta NCDC da wata cibiyar bincike ta Jamus da sauran abokan aiki suka haɗu suka samar da ita don bin sawun annoba, da korona ta zo har ofisoshin lafiya na Jamus ɗin kanta sai da suka ɗauke ta. Kenan mu ba 'yan kallo ba ne a wannan harkar, mun dogara da ita, wani lokacin ma mu muka ba duniya.

Kuma muna da mutane. Segun Adebayo ya fitar da Chakra UI, masu gina shafuka a ƙasashe da yawa suna amfani da ita. Open Source Community Africa da Samson Goddy da Ada Nduka Oyom suka kafa a 2018 ta tara matasa ba adadi. Waɗannan su ne sanannu, a bayansu akwai ɗaruruwa da ba wanda ya san su.

To ga inda gizo ke saƙar. Dokar sababbin kamfanonin fasaha da aka sa wa hannu a Oktoban 2022, wadda hukumarka ce sakatariyar majalisarta, ta tanadi asusun da za a riƙa zuba masa aƙalla naira biliyan 10 duk shekara, kuma abu ne mai kyau, ina cikin waɗanda suka yi murna. Amma kafin ka samu shaidar da za ta sa ka shiga layi sai kana da kamfani mai rajista da hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, wanda bai wuce shekara 10 da kafuwa ba. Wannan ya dace da mai son kafa kasuwanci. Mai kula da buɗaɗɗiyar manhaja kuwa ba kamfani ba ne, ba shi da hannun jarin da zai sayar, ba ribar da zai yi alkawari nan da shekara biyar, sau da yawa ma malamin makaranta ne ko ma'aikacin wani wurin ko ɗalibi, kuma abin da yake riƙe da shi daɗewarsa ita ce darajarsa, in ya kai shekara 10 ana amfani da shi ai nan ne ya fi cancanta a taimaka masa. Ka ga ma'aunin a juye yake. Sannan dokar NITDA ta 2007 da ta kafa asusun raya fasaha ta ɗora a wancan lokacin harajin kashi 1 cikin 100 na ribar manyan kamfanoni irin su bankuna da kamfanonin waya, kuma duk waɗannan kamfanonin ba wanda ba ya cin moriyar buɗaɗɗiyar manhaja safe da yamma, don haka in aka mayar da ɗan wani abu ga masu riƙe da ita ba kyauta aka yi musu ba, haƙƙi ne aka mayar.

Bari in faɗa maka nawa, ba don ni kaɗai ba, don ka ga yadda abin yake daga kusa. Akwai wata 'yar manhaja da na rubuta shekarun baya, ba wani abin a zo a gani ba ce, tana gyara rubutun Hausa ne, in mutum ya buga k da d da b da alamar ɗauri a gefe ta mayar masa ƙ da ɗ da ɓ, tana jera sunaye yadda ya kamata, tana kuma rubuta adadin kuɗi da kalmomin Hausa don masu buga rasit. Na sake ta kyauta. A hankali mutane suka ɗauka, wasu na sani wasu ban sani ba sai ranar da abu ya lalace. Wani dare wajen ƙarfe ɗaya saƙo ya shigo daga wani kamfani da ke yi wa makarantu manhajar sakamakon jarrabawa, wai sunayen ɗalibai suna fitowa da akwati-akwati a madadin ƙ, gobe za a raba takardu, in gyara yanzu. Ba wuta, batirin laftof saura kaɗan, na tashi na ja janareto da ɗan man da na ajiye don injin ɗinkin maiɗakina, na zauna har aka kira assalatu. Matsalar ma ba daga wajena take ba, daga irin rubutun da suka zaɓa wa firinta ne, amma na gano musu na rubuta musu yadda za su yi. Sun karɓi kuɗin kwangilarsu, ni ko "mun gode" ban gani ba. Ban riƙe su a zuciya ba wallahi, don ni na ce kowa ya ɗauka, amma da safe da na ga maiɗakina tana jiran a samo mai kafin ta fara ɗinkin mutane, sai da na tambayi kaina har yaushe zan iya.

Daga baya na nemi wani tallafi da aka tallata, ba zan faɗi na waye ba. Fom ɗin ya tambaye ni lambar rajistar kamfani, da hasashen ribar shekara uku, da yadda zan hana wasu kwaikwayon abin da na yi. Ni da burina shi ne a kwaikwaya. Babu layi ko ɗaya da ya tambayi mutum nawa ke amfani da abin, ko me zai faru in na daina. Na rufe shafin.

Na san wasu za su ce ai ku kuka sa kanku, sadaka ce, a bar ku da ladanku. Haka ne, da yawanmu don Allah muke yi kuma ba za mu fasa ba. Amma ko mai yasar rijiyar masallaci ana haɗa masa wani abu, ba don an sayi ladansa ba, don ya samu ƙarfin dawowa baɗi. Abin da yake faruwa yanzu shi ne yaro mai hazaƙa zai yi shekara biyu ko uku yana yi, sai aure ya zo, haya ta zo, kuɗin makaranta, ga data ga mai tun da aka cire tallafi a 2023, sai ya samu aikin wani kamfanin waje ya bar abin, manhajar ta zama marainiya alhali mutane na kan amfani da ita, ba mai toshe ɓaraka in ta fito.

Saboda haka ga wanda nake ganin ya cancanta. Mutum ɗaya ma ya isa, da NIN ɗinsa da asusun bankinsa, ba sai da kamfani ba, ba sai da digiri ba, ba sai da takardar bautar ƙasa ba, kuma dan Allah kada a sa iyakar shekaru, don wanda ya fi daɗewa yana riƙe da abu sau da yawa ya wuce shekarun da ake kira matashi. Tambaya biyu ce kawai za a yi masa: su wa suka dogara da aikinka, kuma nuna mana tarihin aikin. Alhamdulillahi wannan harkar ba ta ɓuya, duk gyaran da mutum ya yi yana nan a rubuce da rana da wata a shafukan ajiye manhaja irin su GitHub ko GitLab ko inda ya ajiye, duk ƙorafin da aka kawo da yadda ya amsa yana nan, wanda ya iya karanta kod, wato rubutun manhaja, cikin awa ɗaya zai gane mai aiki da mai hoto. Kada dai a auna da yawan taurarin GitHub, don ana sayensu kamar yadda ake sayen mabiya a Instagram.

Kuma ba sai sabon abu ba. Wannan ita ce maganar da nake so ta zauna. Mu a ƙasar nan muna son ƙaddamarwa, a yanka kyalle a ɗauki hoto, shi ya sa za ka ga sabuwar rijiyar burtsatse kusa da tsofaffi uku da suka lalace saboda ƙaramin ƙarfen da ba wanda ya saya. Gasar hakaton tana da amfaninta, amma manhajar da aka haɗa a kwana uku don cin kyauta yawanci ba ta kai wata uku a raye. Aikin da ke riƙe da manhaja shi ne wanda ba ya ɗaukar ido: toshe ɓaraka, sabunta ta in abin da take zaune a kai ya canja, rubuta bayanin yadda ake amfani da ita, amsa tambayar da aka yi sau hamsin, duba gyaran da sabon yaro ya turo a nuna masa kuskurensa cikin mutunci. Jamus ta gane wannan, a 2022 ta kafa Sovereign Tech Fund da kuɗin gwamnati don irin wannan aikin na tushe, sun ba buɗaɗɗiyar manhajar GNOME yuro miliyan 1, sun ba curl da FFmpeg da Log4j ɗin nan da ta tayar da hankalin duniya, kuma ba su ce sai Bajamushe ba, daga baya har suka fito da tsarin biyan masu kula da manhaja su kansu. Sai dai su aikin da bai kai yuro 50,000 ba ba sa karɓa, wannan kam bai dace da mu ba. Tsarin gidauniyar NLnet ta Holan ya fi kusa da abin da muke buƙata, daga yuro 5,000 zuwa 50,000, mutum ɗaya yana iya nema, fom ɗin gajere ne, kuma zango-zango suke biya, ka gama wannan ka nuna a biya ka, ka shiga na gaba. Matsalarmu da su ita ce yawancin kuɗin na Tarayyar Turai ne, ana so aikin ya zama yana da alaƙa da Turai, kuma ba laifinsu ba ne, kowa gidansa yake gyarawa. Mu ma namu gidan muke so a gyara. A wurinmu ɗan alawus na wata-wata da zai ɗauke wa mutum data da wuta da wani ɓangare na cefane tsawon shekara ya fi kyautar miliyoyi ta rana ɗaya amfani nesa ba kusa ba.

Akwai wanda zai ce to sai dai manhajar da aka ƙirƙira a Najeriya. Ni ban yarda ba. In yarinya a Gombe ta zauna ta ƙware a cikin DHIS2 ko ODK ko SORMAS har masu aikin suka san ta suna karɓar gyaranta, wannan yarinyar ta fi mana amfani a kan mutum goma da za su ce za su ƙirƙiro mana tamu daga farko, don ranar da abu ya lalace ko mai ba da tallafi daga waje ya janye hannunsa, kamar yadda muka gani a 2025 da Amurka ta rufe hukumar tallafinta ta USAID, muna da wadda ta san cikin injin. A biya ta, ko da kuwa manhajar a Oslo aka haife ta.

Wannan ya kawo ni kan 3MTT, shirin gwamnatin tarayya na koya wa matasa miliyan uku fasaha. Ana horar da matasa, madalla, amma in sun fito kowane mai ɗaukar aiki cewa yake ina ƙwarewarka, kuma ba inda sabon hannu zai samu ƙwarewar da kowa zai gani da idonsa kamar buɗaɗɗen aiki. Shirin Outreachy yana biyan dala 7,000 na wata uku don irin wannan koyon, kuma 'yan Najeriya da dama, har da mata, ta nan suka shiga harkar. Sai dai kowane mai koyo yana buƙatar wanda zai zauna ya karanta abin da ya rubuta layi-layi, kuma lokacin wannan malamin ba wanda yake biya. In aka turo mana yara dubu ba a tallafi masu duba aikinsu ba, an ƙara wa mai kaya kaya ne kawai.

Sai maganar harshe, wadda ita ce ta fi kusa da zuciyata, kuma ita ce nake tsoron kwamiti zai ce ba fasaha ba ce. Wanda ya zauna ya fassara manhaja zuwa Hausa ko Fulfulde ko Kanuri ko Tibi, wanda ya haɗa allon rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ, wanda ya tara muryoyi a Common Voice na Mozilla don koya wa kwamfuta jin magana, wanda ya tsara ƙamus ɗin da kwamfuta za ta gane kuskuren rubutu da shi, duk waɗannan aikin tushe suke yi ko da wani a cikinsu bai taɓa rubuta layin kod ɗaya ba. Irin rubutun ajami na kwamfuta mai kama da hannun Kano da ake kira Alkalami, ƙungiyar SIL ce ta yi shi ta sake shi kyauta, mun gode musu, amma ya kamata a ce a cikinmu akwai wanda aka ɗauki nauyinsa yana irin wannan. 'Yan ƙungiyoyin bincike na Masakhane da HausaNLP sun yi ta tara bayanan harsunanmu suna sakewa a fili, irin su NaijaSenti, kuma da irin waɗannan ne manhajojin AI suke koyon Hausa. Yanzu kowa na maganar AI, to ba a gina ta a kan iska, a kan wahalar waɗannan mutanen ake ginawa.

Wanda bai cancanta ba kuma a faɗa ƙarara tun farko. Wanda ya juye kod a intanet saura sati ɗaya a rufe karɓar fom, ba tarihi ba mai amfani, wannan ba shi ba ne. Wanda ya baje rubutun amma bai sa lasisin da ya ba mutane dama ba, ko ya sa sharaɗin sai an biya shi kafin a taɓa, ba buɗaɗɗiya ba ce ko ya kira ta da sunan. Kamfanin da ya buɗe ɓawo ya kulle ƙwaya, wato ɗan abin da ya saki ba ya aiki sai ka sayi na kuɗin, ya je layin 'yan kasuwa, akwai nasu asusun. Manyan kamfanoni masu riba kuwa su bayarwa ya kamata su yi ba karɓa ba. Kamfanin Zerodha na Indiya tun 2024 ya ware dala miliyan 1 duk shekara don buɗaɗɗun manhajoji na ko'ina a duniya, kuma akwai alkawarin Open Source Pledge da kamfanoni ke ɗauka na ba da aƙalla dala 2,000 a shekara kan kowane mai rubuta manhaja da ke aiki a wurinsu. Ranka ya daɗe in ka kira shugabannin bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya ka sa musu wannan a gaba, kai za su saurara, mu ba za su ko ɗaga wayarmu ba.

Ɗan kwangilar da gwamnati ta riga ta biya ya yi mata manhaja shi ma kada ya dawo ta wannan ƙofar. A maimakon haka a sa masa sharaɗi a cikin kwangilar cewa abin da aka yi da kuɗin jama'a a sake shi ga jama'a, sai in akwai dalilin tsaro. Suwizalan ta mayar da wannan doka ga gwamnatin tarayyarta. Mu da muke da jihohi 36 kowacce tana biyan kuɗi daban don a yi mata manhajar albashi ko ta asibiti ko ta makaranta kusan iri ɗaya, ai mun fi su buƙatar haka.

Kwamitin da zai tantance dan Allah a sa mutanen da su ma sun taɓa riƙe buɗaɗɗen aiki, daga Kudu da Arewa, maza da mata, kuma wanda yake da alaƙa da mai nema ya tashi daga zaman. A wallafa sunan duk wanda aka ba, da nawa aka ba shi, da inda aikinsa yake, don kowa ya je ya duba, tunda aikin a fili yake kuɗin ma su kasance a fili. Kada a ce sai an zo Abuja ko Legas an tsaya gaban alƙalai, akwai matar aure a Katsina da take aiki mai kyau daga ɗakinta wadda ba za ta iya wannan tafiyar ba, akwai mai larurar da hawa mota wahala ne a gare shi, akwai wanda kod ɗinsa tsaf yake amma in aka ba shi makirfo sai baki ya ɗaure. Kuma a biya da naira kai tsaye a kan lokaci, don ko gudummawar da mutanen waje suke son ba mu sau da yawa hanyar karɓa ce take gagara, shekara da shekaru PayPal ya bar ɗan Najeriya ya tura kuɗi amma bai bar shi ya karɓa ba, da yawanmu mun rasa taimako ta nan.

In duk wannan ya yi yawa a fara lokaci ɗaya, ga abin da ba ya buƙatar sabon kasafi. A aika wa ma'aikatu da hukumomi takarda kowacce ta rubuto buɗaɗɗun manhajojin da take aiki da su, na lafiya da na ilimi da na kuɗi da na shaidar ɗan ƙasa, a haɗa jerin wuri ɗaya, sannan a nemo 'yan Najeriyar da ke sa hannu a cikinsu da waɗanda ke riƙe da ƙananan da muka yi a gida. Daga wannan jerin za a ga mutum ashirin ko talatin ɗin da za a fara gwaji da su na shekara guda. Ni da abokaina a shirye muke mu taya haɗa jerin ba tare da an ba mu ko sisi ba, in ofishinka ya buɗe ƙofa za mu zo da laftof ɗinmu.

Na gode da haƙurin karantawa. Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam,
Ƙaninka, mai rubuta manhaja daga Zariya.